Ranar da Roka Ta Ƙi Hawa da Shanun Baffa

Shekarar da fari ya yi tsanani, wata tsohuwar roka, babbar motar kaya mai bodin katako, nake tuƙawa tsakanin Gwashi, Bukkuyum da Gummi. Injinta na da tarbo, abin nan da ke hura wa inji iska kamar zugazugin maƙera. In iskar ta isa ciki, motar kan ja kaya kamar ba ta san da su ba. In ta tsere a hanya, sai hayaƙi da kuka kawai.

Akwai wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke bayan gonarmu tun ina ƙarami. Baffa muke ce masa, matarsa ce ke kawo wa Inna nono. A bazarar nan garkensa ya ƙare a kan idonsa, 'yan waɗanda suka rage kuma ba su iya tafiyar yini. Ya same ni gindin mota, ya ce ƙanensa na wata fadama wajen Gummi, can akwai sauran ɗanyar ciyawa.

"Ka kai min su, ɗana," in ji shi. "In sun ƙara kwanaki nan, fata za ni kwasa."

Da hantsi muka yi lodi. Ba hawa suka yi ba, cicciɓarsu mutanen ruga suka riƙa yi. Baffa ya zauna gaba kusa da ni, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Mun wuce Bukkuyum, rana ta take tsaka, muka gangara wani busasshen rafi. Da na taka totur mu haye tudun da ke gaba, sai motar ta yi sanyi. Na sauko giya ɗaya, ta ja jiki kaɗan, baƙin hayaƙi ya rufe madubi, ta tsaya. Dole na bar ta ta sulalo baya cikin rairayi, inda babu ko inuwar ƙaya.

Na ciro matacin iska na kakkaɓe. Na duba na mai, na buga famfo, na sake gwadawa. Ba abin da ya sauya. In tarbon ne ya mutu, sai Gusau ko Sakkwato, kuma shanun nan ba su kai gobe cikin wannan bodin. Na kwance bakinsa na sa yatsa, fankar ciki ta juya lafiya, ba ta girgiza. To ina iskar ke zuwa?

"Direba!" Baffa ne daga saman bodi. "Guda ta kwanta!"

Na leƙa. Yana jan ta da wutsiya, sauran na taka ta, harsunansu waje. Ruwan jarkarmu ya ɗura musu a baki har ya ƙare.

Na ce, "Baffa, sauko. Kai za ka taka min totur."

"Ni? Ban san kan abin ga ba."

"Ƙafa kawai za ka sa. In na ce taka, ka taka har ƙasa."

Ya tuɓe takalmansa kamar mai shiga masallaci, ya hau kujerata. Na shige cikin injin, ina bin bututun iska da tafin hannu, ƙarfe na ƙona ni. "Taka, Baffa! Ƙara!" Injin ya yi ruri. A ƙarƙashin babbar mesar da ta haɗa tarbo da inji, inda ido ba ya kaiwa, iska mai zafi ta bugi wuyan hannuna. Mesar ta tsage kamar tsawon yatsa. In injin na kwance bakin tsagar kan rufe, sai an matsa masa take buɗewa.

Na yanko tsohon tif ɗin taya na naɗe tsagar, na ɗaure da waya. Muka kai rabin tudu, sai na ji fus! Mai da zafi sun sa robar ta zame. Muka sake sulalowa.

Na sauka na zauna a rairayi, hannuwana duk ƙuna. Tun da muka tsaya ko keke bai gifta ba. Na rasa addu'ar da zan yi, sai "ya Allah, ya Allah" kawai.

Can na ji Baffa ya yi bisimilla da ƙarfi. Saniyar da ta kwanta ce ya yanka tun ba ta zama mushe ba, nan cikin bodi, tsakanin ƙafafun 'yan'uwanta. Daga baya na ji cewa kakarta ya gada wajen mahaifinsa. Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko, doguwar tsirkiya ce a hannunsa, ɗanya, da ya yanko daga fatarta.

"Naɗa wagga bisa robar taka," in ji shi, bai dube ni ba. "In ta sha zahi ta bushe, ba ta saki."

Na naɗa, shi yana jan bakin da haƙora ina ƙullewa. Muka bar injin na aiki a hankali don zafinsa ya busar da ita. Wannan jiran ya fi komai wuya, ga shanu na nishi a bayanmu. Muka yi taimama muka yi azahar a gefen taya.

Na sa giya. Motar ta kama tudun tana rawa, ina jiran ƙarar fashewa. Sai na ji siririn fito na tarbo ya taso, hayaƙin ya washe, hancinta ya leƙa sama.

Bayan la'asar muka isa fadamar. Ƙanen Baffa da maƙwabtansa suka taru aka sauke shanun, wasu da ƙafarsu, wasu a hannu. Naman aka rabar nan take, Baffa bai ci ba. Ya bi shanunsa bakin ruwa ya tsuguna, yana hana su sha da yawa lokaci guda. Wasunsu sun ga damina, wasu ba su kai ba.