Ranar da Cindo Ya Ƙure Ƙarar Lasifika

Kowace safiya Malam Cindo yakan share gindin bishiyarsa da ke bakin tashar Dakoro, ya shimfiɗa buhu, ya jera kayan aiki, ya zauna jiran motoci. Ya tsufa yana gyaran rediyo da lasifikar mota. Bana ido ya gaza, ya ce ya ajiye aiki. Kafin a manta da shi, ya kamata a faɗi abin da ya yi bara waccan.

A lokacin ne aka tare motar Elhaji Nu'man, mai fataucin hatsi, a hanyar Birnin Lalle, aka tafi da ita har da direbanta Halidu. Kwanaki suka yi ta wucewa ba labari. Matar Halidu ta rame, ta fara karɓar masu jaje.

Wata hantsi mutum uku suka tsaya gaban Cindo da farar mota mai buɗaɗɗen baya.

"Baba, lasifikun kamfani ba su da murya," in ji dogon cikinsu. "Cire su, ka sa muna waɗanga manya."

Cindo ya ɓalle marfin ƙofar direba, sai hannunsa ya tsaya cak. Ga wata waya an ɗaure mahaɗinta da zaren robar tayar babur, ƙulli biyu. Duk garin shi kaɗai ke ɗauri haka. Ya tuna ranar da ya yi shi, Halidu na tsaye a kansa yana ɓare gujiya. Motar shuɗiya ce a lokacin.

"Lahiya, tsoho?" Dogon ya tsuguna kusa da shi, hannunsa ɗaya bai fita daga cikin riga ba.

"Lahiya lau, ɗana. Tsufa ne."

Da ya yi shiru ya gama aiki, da sun tafi, shi kuma ya koma gida lafiya, ba wanda zai taɓa sani. Ya ci gaba da ɗaure lasifikun, fuskar Halidu ta ƙi barin idonsa.

Ba a sakin mota sai an gwada sauti. Cindo ya murɗa ƙara har ƙarshe, gilasai suka hau kaɗawa, baƙin suka ja da baya suna dariya. Ya san wadda za ta taso. Dela mai fura, da ta shekara da shekaru tana faɗa da shi a kan hayaniya, ta ƙetaro hanya da ludayi a hannu.

"Cindo kurma! Ka kore mini masu saye! Kashe abin ga ko in sheƙa maka ruwan wankin ƙwarya!"

Ya duƙa kamar mai ba da haƙuri, ya kai baki kusa da kunnenta.

"Motar Elhaji Nu'man ce. Je ki wajen jandarmomi. Kada ki yi gudu."

Dela ba ta ko ƙifta ido ba. Ta juya tana zaginsa har ta sha kwana.

Saura jira, kuma jiran ya fi komai wuya. Cindo ya ce lasifikar hagu na kakari, ya kwance ta, ya mayar, ya sake kwancewa. Dogon ya ɗaga gefen riga, Cindo ya ga gindin bindiga.

"Tsoho, wasa kake da mu?"

"Ni da ke neman na goro? Sunana ne kan aikin, ɗana. Bari ta fita tas."

Yana cikin ɗaure ƙusa ta ƙarshe jandarmomi suka iso. Aka kama biyu, dogon ya kutsa cikin kasuwa ya ɓace. Ta bakin waɗanda aka kama aka gano Halidu ɗaure a daji, da sauran numfashinsa.

Amma akwai abin da ya hana Cindo jin daɗin yabo. Ransa nasa ne, yana iya sa shi a haɗari. Ran Dela fa? Wa ya ba shi izinin jefa ta ciki ba shawara? Ya je ya roƙe ta gafara.

"Da ka tambaye ni, wallahi da na ƙi," in ji ta. "Gara da ba ka tambaya ba. Sha furarka."

Ya sha, amma har yau bai yarda amsar ta wanke shi ba.

Malam Cindo, kai ne ka ji tsoro har cikin ƙashi, tsoron bai rufe maka baki ba. Masu gyara da ke tasowa, ku dubi abin da aka kawo muku da kyau, in kun ga abin da bai dace ba kada ku ce ba ruwanku. Har yau ba a kama dogon nan ba, kuma ya san fuskarka, Cindo, ya san wurin zamanka. Kai ma ka san haka tun kafin ka kai baki kunnen Dela. Allah Ya tsare ka, Cindo. Mun gode.