Mulkin Baba Hafsa a Layinmu

Shekarar da na fara aikin jinya a asibitin koyarwa, wani abokin aikina ya samo mini ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi, inda zan riƙa takawa da ƙafa zuwa aiki. Ya ce mai gidan tsoho ne, ana ce masa Baba Hafsa. Ni na ɗauka sunan 'yarsa aka liƙa masa. Ranar da na kai kayana, bayan mun gaisa, sai na tambayi lafiyar Hafsar. Tsohon ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "'Ya'yana huɗu, duk maza. Hafsan soja ake nufi, mushe."

Kalmar ƙarshen nan ta tsaya mini a wuya. Daga zuwana, ban ci masa ba ban sha masa ba, ya kira ni mushe? Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, tana shanya a tsakar gida, ta leƙo tana dariya ta ce, "Kada ka damu, ɗan nan. Faransanci ne, haka suke cewa malam. Liman ma sai da aka zaunar da shi aka yi masa bayani."

Baba Hafsa dogo ne siriri, ya haura saba'in amma bai ranƙwafa ba. Kullum da safe zai goge takalminsa ko da babu inda za shi, sannan ya zauna a ƙofar gida da baƙin kofi da dogon burodin da wani direban Maraɗi ke kawo masa. Yana da hawan jini, ni kuma ina da abin awo, saboda haka duk Juma'a da la'asar nakan ɗaura masa a hannu. A nan na ji tarihinsa, guntu-guntu, domin da na kwance abin awon yake yin shiru, sai wata Juma'ar.

A wani ƙauye aka haife shi, can ƙasar Nijar, zamanin mulkin Faransa. Aka ce kowane mai gari ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar Nasara, mai garinsu ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan maƙeri. Daga makaranta aka zuba su soja. Ya ce ranar da ya fara ganin teku ya ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa, kuma tun da jirgin ruwa ya tashi yake amai har suka sauka. Ya yi yaƙi a ƙasashen da ba su taɓa yi masa laifin komai ba. Da yake yana da karatu, kuma ba ya gudu, aka yi ta ƙara masa girma har ya zama hafsa, abin da baƙar fata kaɗan ne suka samu.

"To me ya fitar da kai, Baba?" na tambaye shi wata rana.

Ya ce, "Gaisuwa, mushe. Wani sajan Bature ya wuce ni bai sara mini ba. Na kai ƙara, babbanmu ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, bai saba ba ne. Na koma ɗaki na dubi anini a kafaɗata, na ga ashe ado ne kawai."

Ya ajiye kaki ya koma gida, ya shiga jam'iyyar masu cewa Faransa ta tattara ta tafi. Nan da nan ya zama jagoransu a yankinsu, saboda yana da murya, kuma ya san Bature ciki da bai. Ya zaga ƙauyuka a kan raƙumi da bayan babbar mota yana lacca. Faransa ta tafi, amma ba su aka miƙa wa mulki ba. Aka haramta jam'iyyarsu, aka tsare shi, da ya samu ya fito sai ya bi fataken shanu ya tsallako Kano. Ya koyar da Faransanci a wata makaranta, ya yi wa 'yan kasuwa masu zuwa Kwatano tafinta, ya auri Inna, ya gina gidan nan. Siyasa kuwa ya ce ya yi mata saki uku.

Daminar shekarata ta biyu ce ta nuna sakin bai cika ba. Kwatar layinmu ta toshe da leda da ƙasa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya shiga gidaje. Takalmin Baba Hafsa ɗaya ya bi ruwa, aka tsinto shi a ƙofar kantin Maman 'Yan Biyu. Ita Maman 'Yan Biyu Kirista ce, iyayenta mutanen kudu ne amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gishiri. Kantin kayan masarufi take da shi a bakin layi, kuma babu abin da ke faruwa a unguwar ba ta sani ba.

Washegari bayan la'asar Baba Hafsa ya tara mutanen layi a gindin darbejiya. Ya hau benci, ya yi jawabin da ban taɓa jin irinsa ba a kan kwata. Ya ce al'ummar da ba ta iya yashe kwatarta ba, ba ta cancanci 'yanci ba. Ya ce shara ita ce sabon ɗan mulkin mallaka, ta shigo da sallama ta zauna ta ƙi tafiya. Muka yi ta tafi. Tela da kafinta na layinmu suka ɗaga hannunsa, nan take aka kafa ƙungiyar layi aka naɗa shi shugaba ba hamayya. Ni aka ce ni ne mai kula da lafiya, duk da ban nema ba.

Asabar ta farko abin ya yi kyau ƙwarai. Ya fito da wani tsohon usur, ya raba mu rundunoni uku, 'yan shebur da 'yan baro da 'yan tsintsiya. Kafin azahar kwata ta buɗe, ruwa na gudu har Inna ta yi guɗa. Maman 'Yan Biyu ta raba mana zoɓo mai sanyi kyauta. Da a nan aka tsaya, da har yau ana yabonsa a layin.

Amma Asabar ta biyu ma usur ya tashi da an idar da sallar asuba. Ta uku haka. Kwata ta yi fes, babu abin yashewa, sai ya ce a yi layi a duba farce da tsintsiya. Ya kafa dokar cewa ba a shanya a kan katanga, ba a ɗaure akuya a waje, ba a zubar da ruwan wanke-wanke sai bayan ya duba. Wani ma'aikacin sakatariyar Tarauni ya makara minti biyar, ya sa shi tsayuwa ƙame a gaban 'ya'yansa. Ni ma ban tsira ba. Na dawo daga aiki a gajiye na jingina da bango, ya daka mini tsawa, "Mushe, bangon nan yana tsaye da kansa!"

Mu maza muka yi ta gunaguni a shagon tela, amma da ya doso sai kowa ya miƙe yana "Barka da fitowa, Baba." Mata ne suka yi abin da muka kasa. Na lura kwana biyu Inna tana yawan zuwa sayen magi kantin Maman 'Yan Biyu, tana daɗewa, ta dawo hannu wofi. Ashe taro ake yi a bayan kantin.

Asabar ta tara ya busa usur, muka fito muka jeru, amma ko mace ɗaya ba ta leƙo ba. Ya sake busawa. Can sai ga su sun fito gaba ɗaya daga kantin, babu mai tsintsiya, Maman 'Yan Biyu a gaba, Inna a gefenta. Maman 'Yan Biyu ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Baba, mun gode da kwata, Allah ya saka da alheri. Amma mun gaji. Zaɓe muke so."

"Zaɓe? An yi zaɓe!"

"An yi tafi dai, Baba. Tafi daban, ƙuri'a daban. Kai da bakinka ka gaya mana haka aka yi muku a ƙasarku."

Ya juya ya dubi Inna ya ce, "Har da ke?"

Ta ce, "Malam, shekara arba'in ina yi maka fareti ni kaɗai. Ban so abin ya bazu ba."

Dariya ta ƙwace wa kafinta, daga nan kowa ya saki tasa. Na zaci tsohon zai fusata. Sai ya gyara tsayuwa ya ce a kawo wake da ƙwarya biyu, ɗaya tasa ɗaya ta Maman 'Yan Biyu, kowa ya jefa ƙwaya ɗaya a ta wanda yake so, a bayan zane don kada a gani. Shi da kansa ya tsara komai, ya sa liman ya tsaya shaida. Da aka buɗe ba sai an ƙirga ba, ƙwaryar Maman 'Yan Biyu ta isa a yi alala, tasa kuwa ƙwaya biyar ce, ko kaza ba za ta ƙoshi ba. Ina shaida wa duniya yau cewa nawa waken a tata ya faɗa.

Baba Hafsa ya cire usur daga wuyansa, ya haɗa ƙafa ya sara mata, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "Madam shugaba, runduna tana hannunki." Ta karɓa ta jefa a aljihun atamfarta, ta ce daga yau shara sau ɗaya a wata, bayan an karya kumallo.

Kwana uku bai zauna a ƙofar gida ba. A rana ta huɗu na same shi a zaure, na ce, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce haƙurin me? Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da aka kayar da shi ya kwana a gidansa, har wadda ta kayar da shi ta aiko masa da farfesun kifi. Abu ɗaya ne ya dame shi, yana son sanin mutum biyar ɗin da suka zaɓe shi, domin ya san ɗaya nasa ne, na biyu kuma, in ji shi, ba shakka nawa ne. Na sunkuyar da kai na ce ai zaɓen sirri ne, Baba.

Bayan shekara biyu na yi aure na koma Unguwa Uku. Shi ya karɓa mini auren, domin mahaifina ya rasu, baffana kuma ba shi da lafiya. Da liman ya tambayi wakilin ango, ya amsa da ƙarfin da sai da na bayan sahu suka zabura. Ya rayu shekara shida bayan nan. Ranar da ya rasu Maman 'Yan Biyu ta rufe kantinta kwana uku, ta ɗaura ɗankwali ta zauna kusa da Inna tana karɓar gaisuwa tare da ita.