Gayyar da Na Kira wa Manhajar 'Yan Albasa

Shekarar da muka karɓi aikin ƙungiyar 'yan albasa ta Illela, ni na naɗa kaina manaja. Ba wanda ya ja da ni, don mu biyu ne kacal, kuma abokina bai damu da sarauta ba. Tare muka yi allo, tare muka yi boko, amma shi Allah ya ba kan rubuta manhaja, ni kuma ya ba ni baki. Da bakin nan na rabo shi da aikinsa a Sakkwato, aiki mai albashi da kwanciyar hankali. Na rantse masa in muka gama wannan, duk kasuwannin bakin iyaka sai sun yi layi a ƙofarmu. Ya ajiye aiki, ya kwaso iyalinsa ya dawo gida a kan maganata.

Abin da ƙungiyar ke so shi ne manhajar waya da za ta nuna wa ɗan kasuwa wace mota ta ɗauki kayansa, ta ƙetare iyaka ko tana nan tana jira, da farashin buhu a naira da sefa. Na yi musu alkawari za ta fito kafin albasar rani ta shigo kasuwa. Ban tambayi abokina ba kafin in yi alkawarin. Manaja ai ba ya tambaya.

Aka dasa albasa, ta kama, ta fara kai, manhajarmu ko rarrafe ba ta gama koya ba. Shugaban ƙungiya ya aiko a kira ni. Dattijo ne mutumin Gidan Katta, manomi kafin ya zama ɗan kasuwa, aminin marigayi mahaifina. Baba nake ce masa.

"Mi yat tsai da aikin ga, ɗana?" ya tambaye ni.

Gaskiyar magana, lokacin da na ɗibar wa aikin ne bai isa ba. Amma wa zai faɗi haka a gaban manya? Sai na gyara hula na ce, "Baba, hannu ne ya yi kaɗan."

"Hannu? Shi kenan matsalar? To a yi gayya mana!"

Wallahi sai na ji kamar an kunna mini fitila a ka. Gonar da mutum biyu za su yi sati suna fama, jama'a kan taru su share ta kafin azahar. Me ya raba gona da kwamfuta? Kafin in isa shagonmu na riga na manta dabarar Baba ce, na shiga na ce wa abokina na yi wani tunani mai zurfi. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai ga aikinsa.

Washegari gayya ta iso. Duk ɗan ƙungiya mai ɗa ko ƙane da ya taɓa danna kwamfuta ya turo mana shi. Akwai mai gyaran waya, akwai mai buga takardu a bakin tasha, akwai wanda ya yi kwas a Sakkwato yana yawo da takardar shaidarsa a leda. Har daga Ƙonni, can ƙetaren iyaka, aka turo wani, kwamfutarsa da Faransanci take magana, haruffanta ma ba a inda muka saba suke ba. Na dubi ɗakin ya cika maƙil, na ji girma ya zo mini har wuya.

Abu na farko da ban lissafa da shi ba, gaisuwa. Mu biyu, "ina kwana" ɗaya ta wadatar. Yanzu kowa ya shigo sai ya bi kowa da hannu, ina gajiya, ina iyali, yaya jikin tsohuwa, an ji labarin rasuwar da aka yi a Araba? Wanda ya makara ya sake tayar da ita daga farko. Kafin a gama, na'urar sola da ke ba mu wuta ta fara kuka saboda yawan caji. Sannan ni kuma in kira mitin, don manaja da jama'a a gabansa ba ya rasa abin faɗa.

Abu na biyu ya fi muni. A gona kowa kunyarsa yake kamawa, ya bi ta har ƙarshe, ba ruwansa da ta maƙwabcinsa. Manhaja kuwa ba ta da kunya-kunya. Wannan ya gyara wurin naira, na sefa ya lalace. Wancan ya gyara na sefa, sai motocin duka suka ɓace daga waya. Mutumin Ƙonni ya yi aikin kirki tsakani da Allah, sai dai mun wayi gari rabin manhajar tana gaishe mu da Faransanci. Abokina, wanda dā yake wuni yana gini, ya koma malamin makaranta. Ya yi wa wannan bayani, ya juya ya maimaita wa wancan, da la'asar ya zauna yana warware ɓarnar da aka yi da safe.

Da na ga aiki ya ƙara ja da baya, kun san abin da na yi? Na ce a ƙaro mutane.

Ran nan bayan sallar azahar abokina ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni kenan.

"Ka ji," ya ce, "in ɗakin ga bai koma yadda yake ba, ran Lahadi in an tashi kasuwa zan shiga motar Sakkwato in je wurin tsohon aikina in ba su haƙuri su mai da ni. Ina da iyali."

Ni na rabo shi da abincinsa, in ya tafi babu manhaja, kuma ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba. Amma ta yaya ake korar ɗan gayya? Mutum ya zo taimakonka don mutuncin mahaifinka, ka ce masa tashi? Da na gaya wa mahaifiyata, cewa ta yi, "Kul! Kada ka ja mana abin faɗe a garin nan."

Sai na ɓullo da wayo irin nawa. Na raba su ƙauyuka, wasu Araba, wasu Darna Sabon Gari, wai su wayar wa manoma kai a kan manhajar. Manhajar da babu ita! Bayin Allah suka yi aiki da zuciya ɗaya. Suka dawo da albishir cewa sun yi wa manoma alkawari za ta riƙa faɗin ranar saukar ruwa, ta gano ciwon albasa daga hoto, ta kuma nemo jakin da ya ɓata. Abokina ya saurara har ƙarshe, ya fara naɗe wayar cajinsa.

Ba shiri na tafi wurin Baba, na durƙusa na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"Ai kai kac ce hannu ya yi kaɗan," ya ce. "Ɗan gayya ba a kora tai. Godiya aka yi mai. Sayi goro, ka bi su gida-gida, ka ce wa iyayensu aiki ya yi kyau, Allah shi saka. Kowa ya san ma'anar wannan."

Haka na yi. Na saɓa babbar riga, na bi gidaje ina zuba godiya, ana ba ni fura ina sha har cikina ya yi tsami. Ba wanda ya ɓata rai. Wasu ma kamar sun ji daɗin komawa sana'arsu. Na yi kwanaki ban leƙa shago ba.

Ranar Asabar na koma. Na tarar da abokina shi kaɗai, motoci sun dawo cikin waya, naira da sefa sun shirya. Daɗi ya kama ni. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na ce to yanzu sai mu yi ɗan mitin, ya ba ni rahoto, ina da wasu sababbin shawarwari.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro goro ɗaya, fari, ya kama hannuna ya danƙa mini.

"Aiki ya yi kyau, manaja," ya ce. "Allah shi saka."

Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Har ga Allah na ji ciwo, ciwon da ban taɓa gaya masa ba. Na tashi na sa takalmina.

Ran Lahadi motar Sakkwato ta tashi ba shi a ciki. Ni kuwa ban sake taka ɗakin nan ba sai ranar da ya aiko in zo in riƙe masa kwamfuta mu kai wa Baba.