Hannun Sambo Wanzami

Kowace safiya, kafin shayi ya huce, Sambo wanzami zai naɗe hannun riga, ya kafa wa damtsensa na hagu ƙaho, ya tsotsa. Shekara huɗu ke nan yana hukunta wannan hannu, har fatar ta koma kamar gonar citta bayan haƙa.

A gindin mangwaron tashar jirgin Kafanchan yake aski, kuma karatunsa na duniya layi ɗaya ne: inda ciwo yake, nan mugun jini yake. Da wannan ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya. To ga nasa ciwon: wuta takan kama daga babban yatsa, ta hau kafaɗa kamar an zuba garwashi, minti guda, sai ido ya kafe, duniya ta ɗauke. In ya dawo, sai ya ƙara wa hannun tsaga.

A daminar 1991 abin ya same shi da aska a kan Gregory, mai ba jirage hannu, ya yanki gefen kunnensa. Daga ranar bencin Sambo ya zama wurin hutun awaki. Gregory ne, da auduga a kunne, ya ja shi asibiti, wai gara ya kai wanzamin da a kawo masa sauran kunnen.

Likita ya yi tambayoyi, ya ƙirga tabon ƙaho har ya gaji. Ya ce farfaɗiya ce, daga ƙwaƙwalwa take tashi, hannun kuwa lafiyarsa lau.

"Baba Sambo, kamar aikina ne," in ji Gregory. "A ɗaki nake jan ƙarfe, sigina mai ba jirgi hanya ya faɗi can nesa. Kai kana ta dukan sigina."

Sambo ya daɗe yana kallon hannun nan da ya zalunta. Ya tambaya ko za a iya kafa ƙahon a ka. Likita ya ce a'a, ƙwaya ce safe da yamma, kuma babu riƙe aska sai an yi wata shida abin bai tashi ba.

Sambo ya buɗe zabira, ya ɗura ƙwayoyin cikin ƙaho don kada 'yan tasha su gani. Askar kuma ya miƙa wa Gregory.

"Ajiya ce, maƙwabci. Kada ka bari wani ya taɓa kan nan naka kafin rani."

Ya saɓa zabira a kafaɗar hagu, ya fita.