Kafaɗun Kaka

Jiya a unguwar Bè, wurin masu tsoffin ƙarafa, na ga haro duk tsatsa, ƙarfen nan mai haƙora da ake ja a farfasa ƙasa kafin shuka. Sai na tuna kakana.

Bai taɓa yarda a dafa masa kafaɗa ba, ko mu jikokinsa. Ban san dalili ba sai shekarar da 'yan jam'iyya suka shigo unguwarmu ta Zongo suka kwashe mu zuwa faretin manoma. Suka shafa wa haro fenti, suka ɗaura mana igiya, muna ja muna waƙa. Na dawo gida ina fahariya.

Kaka ya tofar da goron bakinsa, ya zame riga. Kafaɗunsa duk kanta, baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

"Ɗan nan, a gonar audugar Bature shanu suka mutu, aka ɗaura mu a madadinsu. Mu da bulala muka ja. Ku kuma da waƙa? Tir!"

Har yau kunyar ba ta sake ni ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ƙasar da ke kansa ta fi wadda ya farfasa taushi.