Zanen Wuyan Yaya

Lokacin zafi ne, irin zafin Dubai da ko taga ba ka son buɗewa, a shekarar da cuta ta tsayar da jirage. Wankan jego na je yi wa 'yata a unguwar Muraqqabat, kwana arba'in ya zama wata bakwai.

Wata rana abokiyar aikinta ta zo barka, 'yar tsibirin Okinawa ce a Japan. Da ta miƙo hannu za ta ɗauki jaririya, sai na ga baƙin zane a bayan hannunta har kan yatsu, kamar bakin kibiya. 'Yata ta fassara mini: wai na kakannin kakanninta ne, hukuma ta hana, tsofaffi suka riƙa ɓoye hannu don kunya. Yanzu jikoki ke bin tsofaffin hotuna suna dawo da shi.

"Kin gani, Mama? Su sun riƙe nasu. Mu me muke da shi?" in ji 'yata.

Na ce mata shayin baƙuwa yana hucewa.

Ku dai bari in gaya muku, muna da shi. Kakarmu tana da shasshawa daga wuya har ƙirji. Wata shekara, bayan an cika rumbu, ta kira wanzami ya yi wa yayata irin nata sak. Ni na riƙe ƙoƙon baƙin tukunyar da ake shafawa. Yaya ba ta yi kuka ba, ni na yi.

"Ke sai baɗi," in ji Kaka.

Kafin baɗi Baba ya ce malamai sun hana. Kaka takan shafa wuyan Yaya ta ce "tawa", ni ina gefe ina tsince wake.

Shekara hamsin ina kiran zanen nan ƙauyanci. A gidan biki nakan ce wa Yaya ta ja mayafi, har ta saba. Ko 'ya'yana ba su taɓa ganinsa ba. Yau ita kaɗai ta rage da shi a zuri'armu, ga tsufa, ba hoto ko ɗaya.

Washegarin zuwan baƙuwar da safe na kira Yaya a bidiyo.

"Yaya, ɗan sauke mayafin in ga wuyanki."

"Ikon Allah! Yau kuma ƙauyancin ake nema, 'yar Dubai?"

"Sauke dai."

Ta kai hannu ta sauke. Na kira 'yata ta zauna kusa, na ɗauko fensir da littafina na yaƙi da jahilci, na fara kwafa layi bayan layi. Fata ta saki, zanen ya dusashe. Abin haushi, har yanzu yana yi mata kyau.