Ƙugiyar Malam Badaru

Malam Badaru bai taɓa yarda a kira shi bakanike ba. Shi mai kafireta ne. In ka kawo masa matsalar birki ko giya, da leɓe zai nuna maka hanyar Nyanya. Rumfarsa na jingine da katangar gidan da nake haya a Jikwoyi, kuma shekara tara na yi ina wuce shi da safe zan tafi ma'aikata, yana ce mini "Hassan mai biro", ina ce masa "Sarkin tsatsa".

A Kaduna ya koyi aiki, lokacin da Fijo ke tashe. Ya biyo motocin gwamnati zuwa Abuja, ya ci zamaninsa. Da farar hula suka dawo, kuɗi suka shigo gari, kowane ƙaramin ma'aikaci ya sayi tokumbo mai injekta, wadda ba ta da kafireta, har da ni, ba kunya. Motocin da ke buƙatarsa suka yi ta ƙarewa. Abu ɗaya ya rage masa na taƙama, kuma kullum sai ya faɗa: shekara arba'in bai taɓa karya sifirin ɗin kafireta ba. Ya ishe mu da maganar nan, wallahi.

Ni na fara lura da hannunsa. Ya daina shan shayi a teburin mai shayi, sai ya kai kofin bayan rumfa. Wata rana na leƙa, na ga ya riƙe shi da hannu biyu, shayin na zuba a kan wandonsa. Na yi kamar ban gani ba.

Wata Juma'a aka jawo Fijo 504 fara daga Masaka. Ta Madam Lucia ce, wata nas da mijinta Edward ya rasu ya bar mata motar. Shekara biyu motar na ajiye, yanzu matar tana so ta tashe ta.

"Baba, motan nan shi ne ya rage mini na oga," in ji ta. "An ce in sa sabon inji, na ce a'a. Abeg, kar ka canza komai a ciki."

Ya buɗe kafiretar ya duba. Akwai wani ɗan sifirin da ke mayar da totur, bai kai tsawon ɗan yatsa ba, tsatsa ta manne bakinsa a cikin rami. Sai an cire shi za a wanke ciki. In ya karye kuma, babu irinsa, ya ce ko kasuwar kayan mota ta Apo aka zazzage ba za a samu ba. Ya jiƙa wurin da kananzir, ya ce ta dawo gobe da la'asar.

Asabar da hantsi ina wankin mota na ji shirun rumfar ya yi yawa, na zagaya wurinsa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci, ya ɗaure sifirin ɗin da zare don kada ya yi tsalle ya ɓace a ƙasa. A hannunsa akwai ƙugiyar da ya lanƙwasa da wayar ƙafar keke tun yana Kaduna. Filaya ba ta zuwa kusa da aikinsa, ya ce ita ke cin sifirin. Ya kai ƙugiyar, ta yi ta rawa a bakin ramin, ta kasa shiga. Ya dafe hannun dama da na hagu, duka biyun suka ɗauki rawa. Ya ajiye, ya yi salati, ya sake ɗauka. Sau shida na ƙirga.

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don ban san abin da zan yi masa ba. Na ce ko mu kai wa wani a Apo.

"Su karya mata?" Bai ɗago ba. Can ya ce, "Wanke hannunka ka zo."

"Ni? Malam, ni ko fulogi ban taɓa kwancewa ba."

"Na sani. Zauna."

Na zauna. Ya tsaya a bayana, ya ɓoye hannayensa a aljihu. Ya ce in sa ƙugiyar ta ƙasa. Na sa. Na fara ja, ya daka mini tsawa har mai gyaran taya na can gefe ya waiwayo.

"Ba a ja! Wa ya ce ka ja? Juyawa ake yi. Kaɗan. Koma. Ɗiga kananzir. Jira."

Muka yi ta jira. In na ce ya isa, ya ce bai isa ba. Gumi ya jiƙa mini riga, wuyana ya ƙage, na zage shi a zuci ya fi sau goma. Ya ce in ƙwanƙwasa gefen ramin da gindin sukudireba, a hankali, kamar mai tashin jariri. Wajen azahar na ji wani ɗan motsi a yatsuna, na juya, sifirin ya fito ya rataye a jikin zare, lafiya lau. Na yi ihu.

Wankin ma ni na yi, mayarwar ma ni, yana faɗa ina bi. Da la'asar Madam Lucia ta zo, aka murɗa makulli, motar ta yi tari biyu ta tashi. Matar nan ta dafa bonet ta fashe da kuka. Ta ce haka take ƙara in Edward ya dawo daga aiki.

"Baba, hannunka bai tsufa ba! Akwai mutum uku a cocinmu masu irin motan nan, duka zan turo maka su."

Na buɗe baki, na rasa abin da zan ce da ba zai tona shi ba, na rufe. Malam Badaru ya ce ta gaida gida. Hannayensa na cikin aljihu har ta ɓace a kwana.

Ya naɗe farin ƙyallen, ya miƙo mini ƙugiyar.

"Me zan yi da ita a ofis, Malam?"

"Ni me zan yi da ita a nan?"

Mutum ukun sun zo cikin sati, ɗaya bayan ɗaya. Daga tagata na ji yana gaya wa kowannensu aiki ya yi masa yawa, su gwada Apo. Rumfar kuwa babu ko mota ɗaya. Ƙugiyar tana cikin durowata a ma'aikata tare da birona, kuma har yau in na wuce da safe yana ce mini mai biro, ni ne dai na kasa mayar masa da tawa tsokanar.